Shin kyamarar daji da abincin yaudara na jefa namun daji a bakin maciya nama?

A ƙasar Amurka, inda ƙididdigar hukuma ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutane fiye da miliyan 14 ne ke fita farauta, an daɗe ana taƙaddama a kan wasu dabaru guda biyu da maharba ke amfani da su. Ta farko ita ce ɗaure ƙaramar kyamara a jikin bishiya domin ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta. Ta biyu kuma ita ce zuba masara ko 'ya'yan itace ko gishiri a wuri guda cikin daji domin a jawo dabbobi, abin da za a iya kira abincin yaudara.

Masu suka na cewa dabarun biyu suna tona asirin barewa da talotalon daji ga kyarkeci da dila da sauran maciya nama. Masu goyon baya kuwa na cewa wannan zato ne kawai, domin kyarkeci ba ya kallon hoto, kuma barewa ta san yadda take tsira da ranta tun kafin a ƙirƙiro kyamara.

Binciken da masana suka gudanar a shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma tilas a raba dabarun biyu. Ita kyamarar laifinta kaɗan ne. Abincin kuwa yana sauya zirga-zirgar dabbobi, kuma waɗanda suka fi shan wahalar hakan galibi ƙananan halittu ne da maharbin bai ma yi tunaninsu ba.

Yadda kyamarar ke aiki

Dabarar sa dabba ta ɗauki hoton kanta ta haura shekaru 120. Wani lauya ɗan Amurka mai suna George Shiras, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai, shi ne ya shahara da ita tun a shekarun 1890 a dazuzzukan jihar Michigan. Yakan ja igiya a kan hanyar dabbobi, ya haɗa ta da kyamara da hodar walƙiya, ta yadda da zarar barewa ta taɓa igiyar sai haske ya tashi, hoto ya ɗauku. A shekarar 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa da dama.

Kyamarar yau ba ta buƙatar igiya. Tana da wata ƙaramar na'ura da ke gane motsin abu mai ɗumin jiki a gabanta, kuma takan ɗauki hoto cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Da dare wasu kan yi amfani da farin haske, wasu kuma da wani haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani sosai. Tsofaffin samfura na ajiye hotuna a ƙaramin kati, sai mai kyamarar ya taka ya je ya ciro. Sababbin kuwa na ɗauke da layin waya, suna aika hoto zuwa wayar mai su a daidai lokacin da dabbar ke tsaye a wurin.

Masana kimiyya ma sun dogara da ita ƙwarai. Alal misali a shekarar 1995, masanin nan ɗan Indiya Ullas Karanth ya nuna yadda za a ƙiyasta yawan damisa mai ratsi, wadda ake kira taiga, a gandun dajin Nagarahole ta hanyar gane kowace damisa da zanen jikinta a hoto. Saboda haka akwai tarin bayanai a kan yadda dabbobi ke ɗaukar wannan na'ura.

Wa ke tsoron kyamara?

Abu na farko da aka tabbatar shi ne dabbobi na sane da kyamarar. A shekarar 2014 Paul Meek da abokan aikinsa a Ostireliya sun auna ƙara da hasken da nau'o'in kyamara da dama ke fitarwa, suka gano cewa yawancin dabbobi masu shayarwa na iya jin ƙarar, da dama kuma na iya ganin hasken.

To sai dai abin da ya biyo baya ya saɓa wa zaton masu suka. Sau da yawa maciyin naman ne ke kauce wa kyamarar. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003, Eveline Séquin da abokan aikinta sun bi diddigin koyoti, wato wani nau'in dila na Amurka, a arewacin jihar California. Sun gano cewa shugabannin garken, waɗanda ke riƙe da yanki, ba a taɓa samun hotonsu a cikin yankin nasu ba. Sukan lura da mutanen da ke ɗaura kyamarar, daga nan sai su daina bi ta wurin. A ƙasar Nepal ma an ga yadda damisa mai ratsi ke rage bi ta gaban kyamara bayan ta sha walƙiya a kwanakin farko.

Haka lamarin yake a fannin tsuntsaye. Masu bincike sun daɗe suna fargabar cewa kyamarar da suke kafawa kusa da sheƙa za ta nuna wa ɓarayin ƙwai hanya. A shekarar 2009 wasu masana sun tattara sakamakon bincike da dama suka kwatanta sheƙoƙi masu kyamara da marasa ita. A jimlace, satar ƙwai ta ɗan fi ƙaranci a inda aka kafa kyamara, kuma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne cewa wasu maciya nama na ƙyamar duk wani baƙon abu a yankinsu.

Wannan ya yi daidai da abin da masana ke kira garkuwar mutum. A shekarar 2007 Joel Berger ya nuna cewa a gandun dajin Grand Teton da ke jihar Wyoming, matan mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, sun riƙa matsowa kusa da titin mota shekara bayan shekara domin su haihu, saboda dabbar beyar da ke cinye 'ya'yansu tana gudun titi. Ke nan ƙamshin mutum a wuri na iya zame wa abin farauta kariya a maimakon hatsari.

Sawun mai kyamara

Inda kyamara ke iya jawo matsala shi ne ta hanyar zirga-zirgar mai ita. Mutumin da ke zuwa ciro kati duk mako yana taka ciyawa, yana sare rassa, a lokacin sanyi kuma yana danne ƙanƙara da ƙafa ko da babur. Sannu a hankali sai hanya ta fito, kuma maciya nama na son hanya mai sauƙi. A lardin Alberta na ƙasar Kanada, wani bincike na shekarar 2017 ya nuna cewa kyarketai na tafiya da sauri ninki biyu zuwa uku a kan layukan da kamfanonin mai suka sare cikin daji, idan aka kwatanta da cikin kurmi, abin da ke ƙara musu damar cin karo da abin farauta. Turbar mai kyamara ba ta kai waɗannan layuka girma ba, amma ka'idar ɗaya ce.

Akwai kuma batun kora. A jihar Arizona mai fama da fari, hukumar kula da namun daji na da wuraren shan ruwa kusan 3,000 da aka gina wa dabbobi. Maharba sun gane cewa ko ba daɗe ko ba jima kowace dabba sai ta zo ruwa, saboda haka aka riƙa samun gommai na kyamarori a bakin mashaya guda. A watan Yunin shekarar 2021 hukumar ta kaɗa ƙuri'ar haramta amfani da kyamarar daji wajen farauta, dokar kuma ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai yawan kai-komon mutane da ke hana dabbobi shan ruwa a lokacin zafi, da rigingimu tsakanin maharba, da kuma batun adalci a farauta. Jihar Nevada ta riga ta taƙaita amfani da kyamarar a filayen gwamnati tun 2018, Utah ta sa nata takunkumin a 2022, Kansas kuma ta hana kafa ta a filayen gwamnatin jiha a 2023. A duk waɗannan jihohi, muhawarar ta fi karkata ga halayyar mutane fiye da ta kyarkeci.

Abincin yaudara

Labarin abinci daban yake. Babban makamin dabbar da ake farauta shi ne rashin tabbas. Barewar da ke kiwo nan yau, gobe can, tana wahalar da duk mai son yi mata kwanton ɓauna. Tulin masara na kawar da wannan rashin tabbas, domin yana tara dabbobi da yawa a wuri guda, a lokaci kusan guda, ta hanyoyi ƙalilan da suka saba bi. Hausawa kan ce sabo turken wawa.

Sannan masarar ba ta san wanda aka zuba ta dominsa ba. Ɓeraye da kurege da tsuntsaye da rakun, wata dabba mai yawon dare da ke cin duk abin da ta samu, sukan riga barewa zuwa. Taruwar waɗannan ƙananan dabbobi ita ce ke jawo masu cin su. A kudu maso yammacin jihar Georgia, masu bincike sun ɗaura wa kyanwar daji ta Amurka na'urar bin sawu a gonakin da ake watsa hatsi domin ciyar da bobwhite, wani tsuntsu mai kama da makwarwa. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa ana samun kyanwoyin kusa da wuraren hatsin kimanin ninki goma fiye da yadda za a yi tsammani in da yawo kawai suke yi.

Tsuntsaye masu yin sheƙa a ƙasa su ne kan gaba wajen biyan kuɗin wannan liyafa. A jihar Texas, inda na'urorin watsa masara suka zama ruwan dare a gonakin farauta, Susan Cooper da Tim Ginnett sun ajiye sheƙoƙin gwaji masu ɗauke da ƙwai, wasu kusa da na'urorin, wasu nesa. A rahotonsu na shekarar 2000 sun nuna cewa an fi wawashe na kusa, kuma rakun da wata dabba mai wari irin bodari na cikin manyan baƙin wurin.

An maimaita irin wannan gwaji a Turai. A tsaunukan Carpathia na ƙasar Poland, inda ake zuba wa bareyi da aladun daji abinci, Nuria Selva da abokan aikinta sun gano a 2014 cewa kusan kashi 65 cikin 100 na sheƙoƙin gwajin da ke kusa da wuraren abinci an cinye ƙwansu, alhali a wuraren da babu abinci kimanin kashi 35 ne. Kyamarorin da suka kafa sun nuna ɓeraye da hankaki da beyar da aladun daji duk suna zarya a wurin. Wato maharbin da ke ciyar da barewa yana iya rage yawan tsuntsayen dajinsa ba tare da ya sani ba.

Darasin gwanki

Misali mafi girma na yadda tara dabbobi a wuri guda ke sauya lissafi tsakanin mai ci da wanda ake ci ya fito ne daga Afirka, kuma abin da ya tara su ruwa ne. Ka'idar dai ɗaya ce da ta tulin masara: abin buƙata da mutum ya ajiye a wurin da a da babu shi.

A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, hukumomi sun haƙa rijiyoyin burtsatse fiye da 300 a ƙarni na 20 da niyyar taimaka wa dabbobi a lokacin fari. Filayen arewacin gandun busassu ne, kuma nan ne mazaunin gwanki, dabbar da mafarautan ƙasar Hausa suka sani sarai. Da ruwa ya wadata a can, sai jakunan dawa da sauran manyan dabbobi masu yawan shan ruwa suka kwararo, zakuna kuma suka biyo su. Daga shekarar 1986 zuwa 1993 yawan gwankayen gandun ya faɗi daga kimanin 450 zuwa kimanin 45. Binciken da aka wallafa a 1999 ya danganta faɗuwar musamman da ƙaruwar kisan manyan gwankaye da zakuna ke yi, ko da yake fari ma ya taka rawa. Daga 1994 aka fara rufe rijiyoyin yankin, daga baya kuma aka rufe da dama a sauran sassan gandun.

Bincike a gandun Hwange na Zimbabuwe ya nuna cewa zakuna na yawan yin kisa a kusa da mashayun da mutane suka gina. A Serengeti ta Tanzaniya kuma, wani nazari na shekarar 2005 ya ƙara wani muhimmin bayani: zaki ya fi zaɓen wurin da abin farauta ke da sauƙin kamawa, kamar bakin kwari ko duhuwar ciyawa, fiye da wurin da abin farautar ya fi yawa. Ma'anar wannan ga maharbin Amurka ita ce, inda aka zuba abincin na da tasiri kamar abincin kansa. Masarar da aka zuba a gefen duhuwa ta fi hatsari ga dabba fiye da wadda ke fili inda ake hangen nesa.

Ita barewar fa?

Tambayar da ta fi damun maharba ita ce ko babbar barewa na ƙara faɗawa bakin kyarkeci saboda abincin. A nan hujjar ba ta da ƙarfi kamar ta sheƙoƙi.

Akwai misalai masu ɗaukar hankali. Jihar Wyoming na da wurare fiye da 20 da gwamnati ke ciyar da elk, wata babbar barewa, da busasshiyar ciyawa a lokacin hunturu. A watan Maris na 2016 wani garken kyarketai ya kashe elk 19 a dare guda a ɗaya daga cikin wuraren, kusa da garin Bondurant, kuma 17 daga ciki ƙanana ne. Labarin ya bazu a duniya, amma jami'an jihar sun bayyana shi a matsayin abin da ba kasafai ake gani ba.

A kudancin Arizona ma, masu bincike da suka duba mashayun da aka gina sun tarar da sawu da kashin maciya nama da yawa fiye da sauran wurare, amma shaidar kisa a bakin ruwan kaɗan ce. Dalili kuwa shi ne taruwa na da fuska biyu. Garke na jawo hankalin maciyin nama, amma idanu da kunnuwa da yawa na saurin gano shi. Bugu da ƙari, dabbar da ta ƙoshi ta fi wadda yunwa ta galabaita ƙarfin gudu, kuma babbar barewa kan sauya lokacin zuwanta, ta tsaya nesa ta shinshina iska kafin ta matso.

Wani abin lura shi ne lokacin da maciya nama suka fi yi wa bareyi ɓarna. A yankin Savannah River da ke jihar South Carolina, John Kilgo da abokan aikinsa sun bi jariran bareyi daga 2006 zuwa 2009, suka tarar cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka rayu, kuma koyoti ne ya kashe mafi yawa a cikin waɗanda aka tantance sanadin mutuwarsu. Waɗannan jarirai na mutuwa ne a makonnin farko na rayuwarsu, suna kwance a ɓoye cikin ciyawa, watanni kafin lokacin farauta. Abin da ya fi yanke hukunci a kansu shi ne kaurin ciyawar da za su ɓuya a ciki da yawan maciya nama a yankin. Sai dai inda ake zuba abinci duk shekara, yana iya ƙara yawan koyoti da beyar a kewaye, ta nan kuma hatsarin ke iya isa ga jariran.

Karnuka da beyar

Shi ma maciyin nama ana yaudararsa da abinci. A wasu jihohin Amurka doka ta yarda a jawo baƙar beyar da ragowar burodi da alewa da kayan zaƙi. Wani bincike na 2017 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na abincin beyar da aka harbe a arewacin jihar Wisconsin ya fito ne daga irin wannan tuli. Dabbar da ke samun abinci haka a sauƙaƙe na iya ƙara haihuwa, kuma beyar na cikin masu cin jariran bareyi.

Kyarketai ma na ziyartar waɗannan wurare. A 2013 Joseph Bump da abokan aikinsa sun kwatanta Wisconsin, inda ake fara zuba wa beyar abinci tun tsakiyar Afrilu, da maƙwabciyarta Michigan, inda ake farawa a watan Agusta. Sun gano cewa hatsarin kyarkeci ya kashe karen farauta ya ninka sau biyu zuwa bakwai a Wisconsin. Sun ce tsawon lokacin zuba abincin na ba kyarketai damar sabawa da wurin har su riƙa kare shi. Sun kuma ja hankali cewa Wisconsin na biyan diyyar kare har dala 2,500, abin da ka iya sa maharba su fi kai rahoto a can.

Batun ya shiga siyasa. Masu zaɓe a Colorado sun haramta yaudarar beyar da abinci a 1992, Oregon a 1994, jihar Washington a 1996, amma a jihar Maine an yi watsi da irin wannan ƙuduri har sau biyu, a 2004 da 2014.

Abin mamaki shi ne wannan dabara na iya zama kariya idan maciyin naman aka ciyar da gangan. A tsaunukan Cairngorms na Skotland, inda wani babban tsuntsun daji mai kama da talotalo ke fuskantar ƙarewa, masu bincike na jami'ar Aberdeen sun riƙa ajiye naman barewa a lokacin da tsuntsun ke kwanci. Rahotonsu na 2024 ya nuna cewa ƙwan sheƙoƙin gwaji sun fi tsira ƙwarai a inda aka ajiye naman, domin ɓarayin ƙwan sun ƙoshi. An taƙaita ciyarwar ga 'yan makonni domin kada ta ƙara yawan maciya naman. Saboda haka sakamakon ciyarwa ya danganta da wanda aka ciyar, da inda aka ciyar da shi, da kuma tsawon lokacin.

Babban mai cin riba

Idan aka haɗa kyamara da abinci, akwai maciyin nama guda ɗaya da babu shakka yana ƙaruwa da su, shi ne mutum. Abincin na tsayar da dabba a wuri guda, kyamara kuma na faɗa wa maharbi wace dabba ce ke zuwa, da ƙarfe nawa, daga wane ɓangare. Mai kyamarar da ke aika hoto ta waya na iya zaɓen namijin da ya fi manyan ƙahoni tun yana zaune a gida. Wani nazari da Chris Darimont ya jagoranta a 2015 ya nuna cewa mutum ya bambanta da sauran maciya nama wajen fifita manyan dabbobi masu ƙarfin haihuwa, alhali kyarkeci da zaki sun fi samun ƙanana da tsofaffi da marasa lafiya.

Wannan ne ya sa kalmar adalci ke yawan fitowa a muhawarar. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kafin ya zama shugaban ƙasa, ita ce ta yaɗa aƙidar cewa dole a bar wa dabba damar tsira. Masu kare kyamara na cewa ganin hoto dabam, harbi dabam, kuma tsofaffin bareyi kan koma zuwa wurin abinci da dare kawai da zarar sun ji motsin maharba, lokacin da doka ta hana harbi. Suna kuma cewa kyamara na taimaka wa tsofaffi da masu ƙarancin lokaci, tana kuma rage harbin dabbar da ba ta kai ba.

Cuta ta fi kyarkeci

A wajen hukumomi, babban dalilin hana zuba abinci shi ne cuta. Dabbobi da yawa na sa baki a tuli guda, suna barin yawu da fitsari da kashi. Akwai wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar bareyi tana ramar da su har su mutu, wadda aka fara lura da ita a Colorado a 1967. Ba ta da magani ko rigakafi, sinadarin da ke haddasa ta na daɗewa shekaru a cikin ƙasa, kuma ta ɓulla a jihohin Amurka fiye da 30 da wasu lardunan Kanada, ta kuma bayyana a ƙasar Norway a 2016. A arewa maso gabashin Michigan, tarin fuka na shanu ya samu gindin zama a cikin bareyin daji a shekarun 1990, kuma masana sun danganta hakan da yawan ciyar da su. A farkon 2019 jihar ta haramta zuba wa bareyi abinci a ɗaukacin yankinta na kudu. Ban da wannan, masarar da ta jiƙe ta yi funfuna na iya ɗauke da guba mai illa ga talotalon daji da sauran tsuntsaye.

Shawarar da masana ke bayarwa ga wuraren da doka ta yarda da dabarun ta biyo bayan waɗannan bincike ne. A guji zuba abinci a lokacin da tsuntsaye ke kwanci da lokacin haihuwar bareyi. A watsa shi kaɗan-kaɗan a fili maimakon tara shi a gefen duhuwa, a kuma riƙa sauya wuri. A rage yawan zuwa duba kyamara, a nisanta ta daga mashaya a lokacin fari. Da dama daga cikinsu na ganin gyara dajin kansa, ta yadda abinci da maɓoya za su wadata a ko'ina, ya fi buhunan masara amfani.

A majalisun jihohi da dama dai ana ci gaba da gabatar da ƙudurori, wasu na neman a sassauta dokokin, wasu na neman a tsaurara su. Dillalan masara da na kyamara na da abin da za su rasa, haka ma hukumomin namun daji, waɗanda kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu ke fitowa daga lasisin da maharba ke saya.